Na'urar BVAS a rumfar zaɓe: inda ta yi rawar gani da inda ta gaza

Wanda ya kaɗa ƙuri'a ranar 28 ga Maris 2015, lokacin da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe karo na farko a Najeriya, ya san daɗin a ce dangwalensa ya yi aiki. Na'urar karanta kati ta wancan lokacin tana da babbar ɓaraka: idan ta ƙi gane yatsa, sai a cike wa mutum fom ya wuce, kuma ta wannan ƙofa aringizo ya riƙa shiga. BVAS, na'urar tantance masu zaɓe wadda aka yi zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 da ita a rumfuna 176,606, ta toshe wannan ƙofar.

Aikinta ba wuya. Malamin zaɓe zai nemo sunanka ta hanyar haska katinka, ko shigar da lambobi shida na ƙarshe da ke jikinsa, ko sunan mahaifi. Sai ka ɗora yatsa. In ta ƙi, a gwada fuska. In duka biyun sun ƙi, ba ka da ƙuri'a ranar, ko kai wane ne. Hukuncin yana da zafi, amma shi ne amfanin na'urar gaba ɗaya, domin Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce ana auna ƙuri'un rumfa ne da adadin waɗanda aka tantance, in sun zarce a soke.

Matsalar yatsa ita ta fi yawa, kuma tana da dalili. Manomi, maƙeri, mai wanki da tsoho duk zanen yatsunsu kan goge, ga sanyin hunturu da ke busar da fata har ta tsage. Lalle mai kauri a kan yatsa ma yakan kawo cikas. A goge gilashin, a ɗan jiƙa yatsan, a ɗora shi a kwance ba a tsaye ba. Fuska kuwa haske take so: kada rana ta kasance a bayan mai zaɓe, a cire tabarau, mai niƙabi ta ɗaga. Hijabi ba ya hana komai. Inda malamin zaɓe ya san wannan, layi yana tafiya. Inda aka ba da na'urar ga wanda bai samu horo sosai ba, nan za ka ga tsofaffi sun gaji sun koma gida, kuma wannan asara ce da ke ci mana rai.

Mutane da yawa suna zaton tantancewa na buƙatar intanet. Ba ta buƙata, rajistar rumfar tana cikin na'urar. Batir shi ne abin lura, kuma in na'urar ta mutu ba a kawo wata ba, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a soke zaɓen rumfar, a sake shi cikin awa 24 in ƙuri'un rumfar za su iya sauya sakamakon ƙarshe.

Inda ta ba da kunya shi ne aikinta na biyu, wato ɗaukar hoton takardar sakamako ta EC8A a tura IReV, shafin intanet na hukumar zaɓe da ake duba sakamako. A 2023 sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya maƙale tsawon sa'o'i, hukumar zaɓe ta ce tangarɗar na'ura ce. Wasu hotunan da suka hau ma dishi-dishi suke, ba sa karantuwa. A Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta ce IReV wurin duba sakamako ne, ba wurin tattara shi ba.

Don haka mun ba ta yabo a tantancewa, amma ba mu gamsu da ita a turawa ba. Tsohuwar dabarar "a kasa, a tsare, a raka" tana nan daram. Ka tsaya a ƙirga a gabanka, a sanar da adadin da BVAS ta tantance, ejan-ejan su sa hannu, sannan ka ɗauki hoton sakamakon da aka manna a bango da wayarka kafin ka tafi.