Neman aiki ta intanet ko ta hannun mutane: wanne ke kai ka ga aikin da za ka ji daɗinsa?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya: ya karanta aikin akanta, wato lissafin kuɗi, ya gama bautar ƙasa, yana zaune a Kano, kuma ba ya son aikin da zai riƙa tashi da safe yana tsaki. Ya duƙufa cike fom a intanet ne, ko ya bi ta hannun mutane?

Malam, kowace hanya da ƙofar da take buɗewa. Aikin gwamnatin tarayya, bankuna, kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji yawanci ta intanet ake nemansu. Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya takan buɗe shafi na 'yan makonni ta rufe. Adireshin gwamnati yana ƙarewa da .gov.ng, kuma ba a biyan ko sisi, don haka duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ɗan damfara ne. Guraben kamfanoni suna fitowa a Jobberman, MyJobMag da LinkedIn, na ƙungiyoyin agaji kuma a ReliefWeb, inda za ka yi ta ganin Maiduguri, Damaturu da Yola. Tun kafin a buɗe shafin ɗaukar aiki, ajiye lambar NIN, takardar kammala bautar ƙasa, shaidar ƙaramar hukuma da hoton fasfo a wayarka. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Na farko saɓanin suna ko ranar haihuwa: Muhammad a NIN, Mohammed a takardar makaranta. Na biyu tura CV ɗaya, wato takardar tarihin karatu da aikinka, wuri arba'in. Kada ta wuce shafi biyu, kuma idan talla ta ce ana son wanda ya iya Excel da lissafin albashi, to su zama abin da ido zai fara cin karo da shi.

Masana'antun Sharada, Bompai da Chalawa, manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari, Singa da Dawanau, da makarantu masu zaman kansu kuwa, yawancinsu ba sa talla. Alhajin da ke neman mai riƙe masa lissafi amana yake dubawa kafin takarda, sai ya tambayi abokin kasuwancinsa ko limamin unguwa. In ka je wurin irin waɗannan mutane, daina cewa "a taimaka mini da aiki", domin ba wanda ya san inda zai kai wannan magana. Ka ce: "Baba, na iya lissafin kayan sito da na albashi, in ka ji mai nema a tuna da ni."

Batun jin daɗi kuma, a nan hannun mutane ya yi wa intanet nisa. Talla tana faɗa maka sunan muƙami, wani lokaci da albashi, amma ba ta faɗin halin manaja. Nemi ma'aikata biyu na wurin, ko da maigadi ne ɗayansu, ka tambaya: ran nawa ga wata albashi ke shiga, ƙarfe nawa ake tashi a zahiri, ana sakin mutum ya je Juma'a, mutum nawa suka bar wannan kujera cikin shekara biyu? Kujerar da ta canza mutum uku, akwai dalili.

Sai dai aikin da aka samu ta hannun wani yana zuwa da kunya. An ce maka "kar ka ba ni kunya", sai ka kasa tambayar albashi, ka kasa neman ƙari, ka kasa tafiya ko ka gaji. Maganinsa takardar ɗauka tun ranar farko, a rubuta albashi, lokutan aiki da tsawon gwaji. A kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama, tambayi fansho: dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani zuba kashi 10 cikin ɗari na albashinka, kai kuma kashi 8.

Ga wanda ya karanta akanta a Kano, mu dai mun fi karkata ga tattaki. Ware safiya biyu a mako ka tura takardu biyar da ka gyara da kyau, sauran kwanakin ka ɗauki CV a ambulan ka nufi Sharada da wajen ƙarfe goma, lokacin da manajoji suka zauna kuma ba a fita sallar azahar ba.