Jotar da na saya a babbar kasuwa: ta yi, amma ba ta rubuta bashi ba ce

Mu nan Maradi abin da muka tashi da shi tun lakwal kaye ne da karne da bik, wato babban littafin rubutu da ƙarami da alƙalami, wannan suna jota daga wajen 'yan Najeriya ya shigo mana, musamman wadda ake rabawa a biki da hoton ango da amarya a bango, duk mai dangi a Katsina ko Jibiya ya san ta. To ni watan jiya na shiga wani shago cikin babbar kasuwa neman karne ƙarami na aljihu, mai shagon ya ce Alhaji karne ya ƙare amma ga jota 'yar Kano, dala ɗari. Na ce kawo biyu.

Da na kai gida ɗan ƙanena da ke karatun Ingilishi a jami'a ya gani ya yi dariya, ya ce Baba ka san ma'anar sunan kuwa? Wai daga kalmar jot ne, wato ka ɗan rubuta abu a gurguje, kalma biyu uku don kar ka manta, lambar waya ko farashin buhu, ba ka zauna ka tsara ba. In Bature ya ce jot it down nufinsa maza rubuta kafin ya tsere maka. Kuma asalin kalmar wai sunan wani harafin Girkanci ne, iota, mafi ƙanƙanta a haruffansu, sanda guda tsaye kamar alif ɗinmu, shi ya sa har yanzu in sun ce not a jot suna nufin ko ƙwayar zarra babu. Ni dai alif ɗin nan ne ya sa abin ya zauna mani a kai.

Wajen aiki kam gaskiya ta burge ni. Tana shiga aljihun gaba na riga ba ta leƙowa, wayar da aka ɗinke ta da ita a sama take don haka kana tsaye a bakin mota ana sauke kaya ka juya shafi da hannu guda ka rubuta, ba kamar kaye ba da sai ka nemi inda za ka ɗora. Wayar salula ma ba ta kai ta sauri ba, kafin ka buɗe ka nemo wajen rubutu direba ya gama faɗin lissafinsa.

Matsalar takardar ce, siririya ƙwarai, in ka danna bik sai ya fito ta baya, ga zufar Maradi kwana kaɗan bangon ya yi laushi. Babban kuskurena kuma na fara rubuta bashin masu ɗaukar kaya a ciki, shafi guda ya fita daga wayar ban ma san ina ya faɗi ba, jika bakwai na wata baiwar Allah a kai, Allah ya sa mai amana ce ita ta tuna mani da kanta.

Yanzu bashi ya koma babban kaye mai bango tauri da ke cikin shago, jota tana aljihu, da dare in kwashe abin da na rubuta in mayar can. Ta biyun na ba uwargida tana rubuta cefane, ita ba ta yi ƙorafi ba tukuna.