Cherry Creek ko Golden Gate Canyon? Ga inda zan kai motar-gida

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da shigowa layin masu jan ɗaki a bayan mota. Tsakanin Cherry Creek da Golden Gate Canyon, wuraren shaƙatawa biyu na jihar Colorado a Amurka, da ka tambaya wanne ya fi a je a kwana da motar-gida, ba zan yi maka kwana-kwana ba, Golden Gate za ka je, sansanin da ake kira Reverend's Ridge, in dai ba cikin hunturu ba ne.

Ni ƙaramar tirela gare ni da nake ja da fikof, kuma can muka saba zuwa da iyali. Daga Denver kamar mil 30 ne kawai, amma Denver tana ƙafa 5,280 ne sama da teku, shi kuwa sansanin ya haura ƙafa 9,000, shi ya sa a watan Yuli gari na tafasa kai kuma can da daddare sai ka nemi bargo. Akwai wani ƙarshen Satumba da surukata ta zo mana daga gida, tsohuwar da ba ta son fita ko nan da can, cewa take me za a je nema a daji ga ɗaki ga katifa, da ƙyar da lallami muka sa ta a mota. Da yamma muka kai ta Panorama Point, wurin da ake tsayawa a hangi duwatsu, ganyen bishiyar aspen duk ya koma ruwan ɗorawa, ga manyan duwatsu a jere iya ganinka wasu da farin ƙanƙara a ka, baiwar Allah ta zauna sai salati take tana cewa yara su matsa kar su tare mata. Ranar Lahadi muna naɗe kaya ita ce mai tambaya wai ba za a ƙara kwana ba, har da cewa aikin Litinin ɗin ba ya ɗaguwa ne? Har yau in ta bugo waya sai ta tambayi dutsenta.

Amma ka san abin da za ka tarar. Wasu guraben ajiye tirela suna da lantarki, wasu babu, ka duba da kyau lokacin da kake kamawa, kuma ba za ka samu famfo ko magudana a gurbinka ba, sai dai ka cika tankinka ka je, in za ka tafi ka tsaya wurin zubar da ruwan datti. Sabis ɗin waya kuma sai a hankali, ka gaya wa mutanen gida tun kafin ka hau kar a ce ka ɓace. Sannan maganar hanya, wannan ka riƙe ta da kyau, kar ka bi Mountain Base Road da tirela ko da taswirar waya ta nuna maka nan ne kusa, gangaren ya yi tsanani, ka bi hanya mai lamba 46 har ka haɗu da 119 sai ka shiga Gap Road. Injin fetur da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 da ka hau, to in ka ji motar ta yi nauyi ba lalacewa ta yi ba. Wajen saukowa ka sa ƙaramin giya, kar ka kwanta a kan birki.

Ka kuma gaya wa uwargida, a wannan tsayin ruwa yana tafasa tun wajen digiri 91 na Celsius, in ta ɗora wake sai yara sun yi barci bai nuna ba, gara a dafa shi a gida a je a ɗumama. Tsire kuwa sai ka duba ko an hana hura wuta, da rani in fari ya yi yawa sukan hana itace da gawayi, ka tafi da risho na gas ko yaya. Kuma kar a bar kula ko ledar shara a waje da dare, akwai dabbar beyar.

Cherry Creek fa? To, ba laifi. Yana Aurora, garin da ke manne da Denver, akwai tafki, akwai guraben da ke da wuta da ruwa da magudana duka, yana buɗe shekara zagaye, kuma a kan Parker Road yake, hanya ɗaya da Masallacin Abu Bakr, kana idar da Juma'a ka sayi namanka na halal ka wuce. Sai dai cikin gari yake, kamar ka ɗauki tabarma ka je ka kwana a tsakar gidan maƙwabcinka ne. In motar sabuwa ce a hannunka ka yi kwanan farko a can ka koyi jona wuta da zubar da tanki inda shago ke kusa, shi ke nan amfaninsa a wurina, sai kuma lokacin sanyi.

Dukansu biyun na hukumar jiha ne mai suna Colorado Parks and Wildlife, a shafinsu ake kama gurbi, suna buɗewa wata 6 kafin ranar, kuma Juma'a da Asabar na rani ba sa jimawa, in kana son Yuli tun Janairu za ka zauna gaban kwamfuta. Kuɗin kwana daban kuɗin shiga daban, amma tun 2023 akwai Keep Colorado Wild, izinin shiga wuraren shaƙatawa na jihar na shekara guda, dala 29 da ake haɗawa da sabunta rajistar mota, ka duba takardarka ƙila ma ka riga ka biya ba ka sani ba.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, don yanzu da ka shigo harkar za su fara nemanka. Akwai masu tallan katin zama memba na sansanoni masu zaman kansu, baki kamar zuma, su ce ka biya sau ɗaya ka yi ta kwana kyauta, sai ka sa hannu ka ga kuɗin shekara-shekara da ranakun da ba a yarda ka zo ba, kuma fita daga yarjejeniyar ya fi shiga wuya, kar ka sa hannu a ranar da aka nuna maka komai matsin da suka yi. Akwai kuma masu cewa a intanet sun kama gurbi ba za su samu zuwa ba ka turo kuɗi su bar maka, kar ka tura, in da gaske ne su soke kai ka kama a shafin hukuma da sunanka. In kuma motar ta hannu ce ba ka gama biya ba tukun, ka hau rufin da kanka ka duba, ƙanƙarar Colorado tana fasa rufi, ka danna bango da silin ta kusurwoyi ka ji ko sun yi laushi, ka sa mai ita ya cika tanki ya kunna famfo a gabanka, don wanda bai zuke ruwan bututu ba kafin sanyi bututun sun tsage, shi kuma ba zai gaya maka ba. In ya ce batir ya mutu ba za a iya gwadawa yau ba, ka ce masa za ka dawo ranar da batirin ya tashi.