Wurin koyon antiretiyan na Sabon Gari: ku biya na tambayoyi, kar ku biya na rakiya

Salamu alaikum jama'a. Tunda na gama da wurin nan na Sabon Garin Damagaram da ke shirya ma masu neman sitaji a kabinen lauyoyi takardu, ƴan ajinmu na Tawa sai tambayata suke wai ya cancanci kuɗin ko kuwa irin shagunan nan ne na buga seve da fotokofi da aka canza ma suna. To ya cancanta amma ba duka ba. Aiki uku suke saidawa, biyu na yaba ƙwarai, na ukun kuwa ku riƙe kuɗinku.

Ba zan sa sunan wurin ba don akwai ƙorafi cikin maganata kuma Damagaram kowa ya san kowa. Ɗaki biyu ne, na gaba wata yarinya ke zaune kan kwamfuta tana buga takardu, na ciki tebur ne da kujeru da kanta cike da littattafan doka. Mai wurin dattijo ne, ya daɗe yana aikin rubuta takardun shari'a a wani kabine a Yamai kafin ya dawo gida, ba lauya ba ne kuma shi da bakinshi yake faɗa tun zaman farko, wannan ya kwantar min da hankali don kun san akwai masu son a ɗauke su lauyoyi alhali ko baƙar rigar ba su taɓa sawa ba. Gyaran seve da takardar dimandi jikka 5 na biya, zaman antiretiyan na gwaji, wato gwada hirar da ake yi ma mai neman aiki, jikka 10, sai abin da suke kira rakiya jikka 25.

Kafin ya taɓa takarduna sai da ya tambaye ni, ɗiyata wane sitaji kike nema? Na ce Malam na kabine mana. Ya ce kabine ai sitaji iri biyu ke cikinshi kuma yawancin masu zuwa wurinshi haɗa su suke a takarda ɗaya. Akwai na ɗalibi ko wanda ya gama lisans ko mastar, ka zauna ƴan watanni kana bincike, kana kai takardu gidan shari'a, kana bin Metir, wato lauyan, da jaka, wannan tsakaninka da mai kabine ne kawai. Akwai kuma sitajin zama lauya, shi kuma dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta 25 ga Satumba 2014 ce ke tafiyar da shi a ƙasashen ƙungiyar takwas: sai kana da mastar 2 ta doka wadda CAMES, hukumar Afirka mai tantance takardun jami'a, ta yarda da ita ko takarda daidai da ita, sai ka ci CAPA, wato jarabawar samun takardar cancantar zama lauya, shekarunka sun kai 21, ƙungiyar lauyoyi ta bincika halinka, ka yi rantsuwa gaban kotun ɗaukaka ƙara, sannan ka yi shekara 3 ƙarƙashin lauyan da shi ma ya kai shekara 7 da rantsuwa. To in ka rubuta ma Metir wai kana neman zama lauya mai sitaji alhali CAPA ɗin ma ba ka zauna ba, daga layin farko ya gane ba ka san aikin da kake nema ba. Ni na farkon nake nema a yanzu, ina shirin CAPA a gefe, haka muka rubuta ƙarara.

Takardar dimandin ce ya fi ɓata lokaci a kai kuma nan na ga kuɗina ya fara aiki. Bai yarda da takarda ɗaya da za a yi ma fotokofi a raba ma kabine goma ba. Ya ce ki zaɓi kaɗan, ki san me kowanne ke yi, wanda aikinshi bankuna da kamfanoni ne daban da wanda kullum yana kotun laifuka ko rigimar ma'aikata, kuma takardar ta nuna kin sani. Shafi ɗaya, sunan Metir a rubuce daidai harafi da harafi, wata nawa kike so, yaushe za ki iya farawa, me kika rubuta a memuwarki, wato binciken kammala karatu, da ya shafi aikinsu. Duk dogayen kalmomin yabo na Faransanci da aka koya mana tun lise ya soke su da jan biro, ya ce lauya takarda yake karantawa daga safe har dare, in ya ga kuskuren nahawu a taki zai ce haka za ki yi mishi a takardar da za ta je gaban alƙali. A seve kuma ya cire hoton da aka ƙawata da launuka da su “ina son karatu da tahiye-tahiye”, ya sa na rubuta harsuna a sama ba can ƙasa ba. Hujjarshi ta shige ni: mai gona daga Mirya ko ɗan kasuwa mai kai kaya Kano ta Magarya ba da Faransanci zai faɗi damuwarshi ba, mai sitajin da zai zauna da shi ya saurare shi da Hausa ko Barbarci ya maida maganar takarda mai tsabta ya rage ma Metir aiki babba, balle tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a kundin sabunta ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. In kana jin Zabarmanci ka sa don Yamai, in kana da Ingilishi ko kaɗan ne ka sa amma kar ka ƙara gishiri, ana iya juya maka harshe a tsakiyar hira.

Sauran dosiyen ba sabon abu, kofin difloma da aka buga ma hatimi, takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, wanda bai wuce wata 3 ba. Abin da ya ƙara min kawai shi ne kar a nemi kaziye da wuri a zo a zauna jira har ya tsufa.

Yanzu ga zaman gwajin, wanda shi ne dalilin da ya sa nake rubutun nan. Wallahi mutumin nan mai fara'a ne a waje amma da ya rufe ƙofar ciki ya zauna bayan tebur sai ya koma wani daban, bai amsa gaisuwata da kyau ba, yana duba salularshi ina magana, ya katse ni a tsakiyar jimla, duk da gangan, wai haka wasu suke yi don su ga ko za ki rikice. Tambaya ta farko, me ya sa lauya ba alƙali ba? In kika ce don taimakon talakawa sai ya ce to ki je ANAJJ mana, hukumar da gwamnati ta kafa don haka, me ya kawo ki kabine mai neman kuɗi? Sai kin samo amsa taki ta gaskiya sannan yake ƙyale ki. Daga nan ya shiga OHADA, wato tsarin dokokin kasuwanci na bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suke bi, kuma ba irin tambayar jarabawa ba wai ki faɗi yarjejeniyar Port-Louis ta 1993 ko ƙasashe 17 ko cewa babbar kotunta CCJA tana Abijan, ya ce wannan ko ɗan shekarar farko ya haddace. Sai ya ce ga ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole ya ba wani buhunan shinkafa bashi, akwai takarda da sa hannu, mutumin ya ƙi biya, me za ki ce mishi yau ɗin nan? Ana so ki kai ga umarnin biya da shugaban kotu ke bayarwa, ki faɗi sharuɗɗan bashin, wa zai kai ma mutumin takardar (wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai kai takardun kotu), sannan kwana nawa gare shi ya ƙalubalanta. A nan yake kama mutane da yawa, don littattafan da muka yi karatu da su kwana 15 suka ce, alhali dokar OHADA ta karɓo bashi an sake ta a Oktoban 2023 ta fara aiki a Fabrairun 2024, yanzu kwana 10 ne. Ya ce Metir ba zai kore ki don ba ki san komai ba, amma in kika faɗi tsohuwar doka da ƙarfin zuciya to kin nuna tun da kika bar jami'a ba ki sake buɗe komai ba, kuma ranar da wa'adi ya wuce ma kiliyan saboda ke, ba gyara.

Ya koya min abin da zan ce in ban san amsa ba: Metir ban tabbata ba, amma ga dokar da zan duba kuma ga inda zan same ta. Ya fi kame-kame nesa ba kusa ba.

Sai ya juyo gida. Gona ce ta gado, ƴan uwa sun yi rigima, an je gaban mai gari an je fada ba a daidaita ba, yanzu ɗaya ya zo kabine. Nan yake so ya ji ko kin san cewa a ƙasar nan gado da aure da saki da rigimar gonar da ba ta da takarda al'ada ake bi a kotu, da mashawartan al'ada zaune kusa da alƙali, ko kin san sarakuna sulhu suke yi ba hukunci ba kuma akwai takardar da ake rubutawa in an sulhunta ko an kasa, ko kin taɓa jin dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ake ce ma Kofo. Gaskiya a jami'a mun fi ba dokar kamfanoni ƙarfi, ire-iren kamfani su SARL da SAS ɗin da aka shigo da ita a 2014, amma wanda zai yi sitaji a nan inda muke da babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara, gona da gado zai fi gani a kan tebur.

Tambayar da ta fi tsaya min a rai ba ta littafi ba ce. Ya ce kawunki ya kira ki da dare, ya ji maƙwabcinshi ya kawo ƙara kabinenku, yana so ki ɗan leƙa mishi dosiyen, kuma shi ya biya miki kuɗin makaranta, ya za ki yi? Kowa ya san amsar sirrin aiki a baki, amma shi so yake ya ji yadda za ki faɗa ma kawun naki da ladabi ba ki ci mutuncinshi ba kuma ba ki buɗe komai ba, sannan da safe ki sanar da Metir cewa kina da dangantaka da maganar don a cire ki daga dosiyen. Ya sa na faɗa da Hausa kamar kawun ne a gabana, sai da muryata ta daina rawa ya ce to madalla. Wannan kaɗai ya biya jikka 10 ɗin.

Maganar sutura bai ja ta ba, ya ce hijabi ko ɗankwali mai duhu ba ruwan kowa, maza kuma in Yamai ne su nemi besti ko da aro ne, a rage turare, a kashe salula, a iso kafin lokaci ko da Metir zai bar ka a benci har azahar. Kuɗi kuma kar ki fara tada maganar amma kar ki hita ba ki tambayi ko akwai na kabu-kabu ba, don da yawa sitajin ɗalibi ba a biyan komai, wanda zai bar gida ya yi kusan kilomita 900 zuwa Yamai gara ya san inda zai kwana da abin da zai ci tun kafin ya hau kar.

To yanzu ƙorafi. Na ɗaya, lokaci. Su da suke koya maka zuwa da wuri su ne za su ba ka randebu ƙarfe 9 mai wurin ya iso 11, in wuta ta tahi kuma shi ke nan aiki ya tsaya don ba su da gurup, ɗakin ciki ya zama kamar tanderun mai burodi. Yarinyar da ke buga takardu tana da kirki amma sauri gare ta, ta sa min kuskure a sunan jami'a bayan an riga an gyara, don haka ku karanta da idonku kafin ku biya, ku kuma ce a tura muku fayil ɗin a salula ba takarda kaɗai ba.

Babban ƙorafin shi ne rakiya. Yadda aka tallata min, wai za su kai dosiyenka hannu da hannu ga lauyoyin da mai wurin ya sani a Yamai su kuma bi maka sawu. Na biya saboda na yarda da shi bayan zaman gwajin. Abin da na samu, lambobin waya na sakatarorin kabine da adireshi, waɗanda duk mai intanet ko ɗan uwa a Yamai zai samo, da kira ɗaya da ya yi a gabana wanda ba a ɗauka ba. Da na koma na ce Malam ina maganarmu ta kwana, sai ya ce ɗiyata haƙuri, mutanen nan ba su da lokaci. Na sani ba su da lokaci, shi ya sa ai na biya jikka 25. Ban ce ya cuce ni da niyya ba, ina ga ya daɗe da barin Yamai ne, waɗanda ya sani wasu sun tsufa wasu ba su ɗaukar masu sitaji yanzu, amma bai kamata a sai da abin da ba a hannunka yake ba. Kuɗin bai dawo ba, sai dai ya ƙara min wani zaman gwaji kyauta, na karɓa.

Kiran da na samu daga baya ta hanyar wani malaminmu na jami'a ya zo, shi ya ce in aika dosiyen wani kabine ya kuma yi min magana, sai dai takardar da na aika wadda aka gyara a Sabon Gari ce, kuma cikin tambayoyin da Metir ta yi min har da ta wa'adin nan na kwana 10. Wata 3 suka ba ni, zan fara bayan salla in Allah ya kai mu.

Wanda yake shirin CAPA ya sani wurin nan ba makarantar CAPA ba ce, ba su da darussa ba su da tsofaffin jarabawowi, kar ka je da wannan tsammanin. In za ku je ku tahi da safe kafin zafi ya taso, ku riƙe memuwarku a hannu don daga cikinta yake fara ciro tambayoyi, ranar Juma'a kuma ba su komawa bayan masallaci.