Tashar IHF a YouTube: Yadda Na Same Ta Wajen Bin Tarihin Tawagar Ƙwallon Hannu ta Masar

Duk wanda ya duba jadawalin sakamakon gasar cin kofin duniya ta ƙwallon hannu ta maza zai ga an rubuta cewa Masar ta zo ta bakwai a 2021, ta sake zuwa ta bakwai a 2023, sannan ta zo ta biyar a 2025. Na daɗe ina ganin waɗannan lambobi ba su yi wa tawagar adalci ba, kuma wannan ne ya sa na zauna na tsawon makonni ina bin tashar IHF Competitions da ke YouTube, wadda hukumar ƙwallon hannu ta duniya, IHF, mai mazauni a birnin Basel na Suwizalan take sanya wasannin gasanninta a ciki. Abin da nake so in sani shi ne ko tashar za ta wadatar da mutumin da yake son fahimtar yadda wannan tawaga ta kai inda take a yau.

Kallo kyauta ne, ba a neman kuɗin rajista, kuma abin da mutum zai kashe bai wuce datarsa da lokacinsa ba. Ana samun taƙaitattun bidiyoyi na 'yan mintuna masu nuna ƙwallayen da aka zura, ana kuma samun cikakkun wasanni, sai dai waɗannan sukan kasance a rufe a ƙasashen da wani gidan talabijin ya sayi haƙƙin nuna gasar, don haka abin da ya buɗe wa wani ba lallai ne ya buɗe wa wani ba. Hoton yana da kyau ƙwarai, allon maki da agogo suna fitowa sarai ko a wayar hannu, amma shawarata ita ce kada a rage ingancin hoton sosai domin tattalin data, saboda ƙwallon ƙarama ce kuma jifan yana da saurin da ido zai rasa ta idan hoton ya dusashe.

Inda tashar ta fi burge ni shi ne gasar 2021 da Masar ta karɓi baƙunci, wadda ita ce ta farko da ƙasashe 32 suka fafata a cikinta, kuma aka yi ta ba 'yan kallo saboda annobar korona. Rashin jama'a a zauren ya ba mai kallo wata dama da ba kasafai ake samu ba, domin ana jin ƙarar takalma a kan dandamali, ana jin 'yan baya suna kiran juna, ana kuma jin muryar mai horarwa Roberto García Parrondo, ɗan Sifaniya, daga gefen fili. Wasan da Masar ta yi da Danmak a zagayen 'yan takwas a Alƙahira ranar 27 ga Janairu shi kaɗai ya isa dalilin ziyartar tashar. An tashi minti sittin 28 da 28, aka shiga ƙarin lokaci, kuma a daƙiƙun ƙarshe na ƙarin lokacin farko aka ba Mikkel Hansen na Danmak jan kati saboda ya jefar da ƙwallo bayan busa, Mohamed Sanad na Masar ya ci jifan mita bakwai, wato fenariti, ya mayar da wasan 34 da 34. A ƙarshen ƙarin lokaci na biyu irin wannan doka ta daƙiƙu talatin na ƙarshe, wadda take hukunta mai hana ci gaban wasa da jan kati da jifan mita bakwai, ta juyo kan Masar, aka kori Ibrahim El-Masry, Magnus Landin ya farke wa Danmak, aka tafi jifan raba gardama inda aka ƙare 39 da 38. Na mayar da waɗannan wurare biyu baya sau da yawa ina tsayar da hoton, kuma sai a lokacin na gane yadda dokar take aiki fiye da yadda na fahimce ta a rubuce. Danmak ɗin da ta sha da ƙyar a wannan dare ita ce ta doke Siwidin 26 da 24 ta ɗauki kofin bayan kwana huɗu.

Haka lamarin ya kusan maimaita kansa a birnin Zagreb a Janairun 2025, ƙarƙashin wani mai horarwar ɗan Sifaniya, Juan Carlos Pastor. Masar ta farke wa Faransa saura daƙiƙu kaɗan a tashi, sai Luka Karabatić na Faransa ya jefo ƙwallo daga tsakiyar fili ta faɗa raga, kuma sai da alƙalai suka duba bidiyo kafin su tabbatar cewa ta shiga kafin ƙarewar lokaci, aka tashi 34 da 33. Taƙaitaccen bidiyo zai nuna maka wannan jifa, amma ba zai nuna maka yadda 'yan Masar suka riƙa biyo Faransa ƙafa da ƙafa ba, shi ya sa nake ganin duk inda cikakken wasa ya samu, shi ya kamata a kalla.

Wani abin yabo shi ne yadda tashar take ɗaukar gasannin matasa da muhimmanci, abin da gidajen talabijin ba su cika damuwa da shi ba. Ga mai bin Masar wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙarfin babbar tawagar daga nan yake tasowa. Tun a 1993 matasanta 'yan ƙasa da shekara 21 suka ci kofin duniya a gida, sannan a 2019 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Jamus 32 da 28 a Masedoniya ta Arewa suka ɗauki nasu kofin, kuma daga cikinsu aka samu irin su Hassan Kaddah da suka hau babbar tawaga suka haɗu da Yahia Omar, Yehia El-Deraa, Ali Zein da mai tsaron raga Karim Hendawy.

Sai dai tashar rumbun wasanni ce, ba littafin tarihi ba, kuma iyakarta gasannin da IHF take shiryawa. Gasar cin kofin nahiyar Afirka tana hannun hukumar ƙwallon hannu ta Afirka, CAHB, mai hedikwata a Abijan, don haka wanda ya dogara da wannan tasha kaɗai ba zai san zafin hamayyar da ke tsakanin Masar da Tunisiya da Aljeriya ba. Masar ba ta fara cin kofin Afirka ba sai a 1991, bayan Tunisiya da Aljeriya sun daɗe suna karɓa-karɓa da shi, kuma zuwa 2024 ta tara guda tara, ciki har da wanda ta ƙwato a 2020 a gaban magoya bayan Tunisiya a Radès da ci 27 da 23, da na 2022 da ta doke Cape Verde, da na 2024 da ta doke Aljeriya 29 da 21 a Alƙahira. Wasannin Olamfik ma haƙƙin nuna su yana wani hannu dabam, alhali a can ne wannan zubi na 'yan wasa ya kai matsayinsa mafi girma. A Tokyo sun fitar da Jamus da ci 31 da 26, suka faɗi a hannun Faransa a wasan kusa da na ƙarshe, suka kuma rasa lambar tagulla a hannun Sifaniya da ci 33 da 31, sannan Sifaniyar ce ta sake fitar da su da ƙwallo ɗaya tal bayan ƙarin lokaci a wasannin 2024 da Faransa ta karɓi baƙunci.

Giɓin da ya fi taɓa ni shi ne na tsofaffin shekaru, domin nauyin tashar ya karkata ne ga gasannin baya-bayan nan. Masar ta karɓi baƙuncin gasar duniya tun a 1999, kuma a 2001 a Faransa ta fitar da Rasha ta zama ƙasa ta farko daga wajen Turai da ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare a matsayi na huɗu. Wannan ne tushen da ake ɗora komai a kansa, kuma ina fatan hukumar, wadda ɗan Masar Hassan Moustafa ya hau shugabancinta tun a 2000, za ta tattara wasannin wancan zamani a wuri guda da bayanin da zai gabatar da su ga matasa. Sharhin da na fi cin karo da shi kuma na Ingilishi ne, wanda yake da amfani wajen gane hukuncin alƙalai, amma ba ya ɗauke da zumuɗin da masu sharhin Larabci suke yi idan tawagarsu tana fili.

Ga wanda yake horar da yara, ko yake son ya ga yadda ake tsaron gida da 'yan wasa shida a jere a bakin layin mita shida, ko yadda ake cire mai tsaron raga a ƙara ɗan gaba na bakwai, tashar ta cancanci lokacinsa ba tare da wani jinkiri ba. Mai neman tarihin Masar kuwa ya fara da wasan Danmak na 2021, ya bi da na Faransa na 2025, sannan ya nemi wasannin Afirka da na Olamfik a wuraren masu haƙƙinsu, domin ba zai iske su a nan ba.