Sig Sauer Cross: Bindigar Mai Hawan Dutse, Ba Ta Mai Neman Kofi Ba

A ranar rajistar gasar NRL Hunter, gasar harbin nesa mai kwaikwayon farauta, a nan Amurka, tun kafin a harba harsashi ko ɗaya, abin da ake fara yi wa bindigar mutum shi ne a ɗora ta a kan ma'auni, da madubinta na hangen nesa da ƙafafunta da duk wani abin da aka ɗaura mata. Idan nauyinta bai haura laba 12 ba, wato kilo biyar da rabi saura kaɗan, sai a sa mai ita a rukunin marasa nauyi. Idan ya haura, sai a tura shi rukunin masu nauyi, wanda shi ma iyakarsa laba 16 ce. Wannan ma'auni ne ya sa na sayi Sig Sauer Cross mai cin harsashin 6.5 Creedmoor, wato mai faɗin milimita 6.5, domin ina neman bindiga guda wadda zan shiga gasa da ita a bazara, in kuma rataya ta in hau duwatsun Kolorado da ita idan lokacin farauta ya kama a watan Oktoba. Bayan na yi kaka biyu da ita, hukuncina shi ne bindigar farauta ce da aka yi wa suturar gasa, kuma wanda ya saye ta da wannan fahimta ba zai yi da-na-sani ba.

Kamfanin Sig Sauer ya bayyana ta ne a ƙarshen 2019, a jihar New Hampshire ake ƙera ta, kuma irin bindigar nan ce mai sakata, wadda sai an ja sakatar da hannu bayan kowane harbi kafin wani harsashi ya hau. Mai bututun inci 18 a 6.5 Creedmoor nauyinta laba 6.8 ne, kilo uku da 'yan kai, ita kuwa mai inci 16 a .308 Winchester laba 6.5 ce. Sirrin wannan rashin nauyi yana cikin ƙirarta. A yawancin bindigogin gasa, ƙarfen da sakata ke gudana a cikinsa daban ne, gangar jikin da ake zaunar da shi a kai ita ma daban, sai a haɗa su da kusoshi. A Cross kuwa an haɗe su wuri guda an sassaƙa su daga alminiyam, sakatar kuma tana kulle ne a cikin ƙarfen da ke gindin bututu, saboda haka can ne matsin albarushi ke tsayawa, jikin ba ya buƙatar kaurin da zai jure shi. Da wannan dabara aka zubar da nauyi mai yawa ba tare da an taɓa ƙarfin wurin da ya kamata ya yi ƙarfi ba.

Abin da ya fi burge ni a jikinta shi ne ƙotar. Tana naɗewa ta gefen dama ta rufe hannun sakata, sai tsawon bindigar ya dawo inci 27, ta shige jakar goyo ba abin da ke leƙowa. Wanda bai taɓa kutsawa cikin kurmin itatuwan dutse da asuba ba, da fitila a goshi da sanduna biyu a hannu, ba lallai ne ya gane darajar wannan ba. Doguwar bindiga a kafaɗa kowane reshe sai ya kama ta, kuma kowane kamu ƙara ce da dabba ke ji daga nesa. Haka nan ana iya ƙara tsawon ƙotar ko a rage shi, a ɗaga matashin kunci ko a sauke shi, duka da yatsu ba tare da sifana ba. Wannan ya yi mini amfani ƙwarai a ranar da sanyi ya tilasta mini saka riguna uku, domin kaurin tufafi yana tura ido baya daga madubi, sai na rage tsawon kaɗan, hoton ya dawo cikakke kamar yadda na saba ganinsa a filin atisaye da riga ɗaya.

Kunamarta mai hawa biyu ce: za ka ja ta tafi a sake har ta tokare, ka tsaya nan ka daidaita numfashi, sannan ɗan ƙarin matsi ya tashi harsashin. Ana daidaita nauyin jan daga kusan laba biyu da rabi zuwa huɗu. 'Yan gasar da suka saba da kunamar da ko laba ɗaya ba ta kai ba za su ce ta yi tauri, amma ga mafarauci mai daskararrun yatsu a cikin safar hannu, ni ina ganin nan ne daidai, domin kunamar da ke tashi da shafa kawai haɗari ce a kan dutse. Hannun sakatar digiri 60 kacal yake ɗagawa, saboda haka yatsa ba ya gogar madubi. Gidan harsashinta samfurin AICS ne, ƙirar da bindigogi da yawa ke amfani da ita, da ake samu a kowane shagon kayan harbi, tana zuwa da mai cin biyar, kuma mai cin goma yana shiga ba gyara.

Yanzu sai maganar da ta fi komai muhimmanci, wadda kuma ba a cika faɗa wa sabon shiga ba a lokacin da yake juya bindiga a hannu a cikin shago yana jin daɗin rashin nauyinta. Shurin bindiga lissafi ne da ba ya canzawa: idan harsashi iri ɗaya ne, bindigar da ta kai rabin nauyin wata za ta koma baya da ninkin gudun waccan. Harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007 musamman domin gasar nesa, ba mai zafin shuri ba ne, kafaɗa ba ta ciwo ko an yini ana harbi. Matsalar a ido take. A harbin nesa, rabin aikin shi ne ka ga inda harsashinka ya sauka, domin ƙurar da ta tashi a hagu ko a dama ita ce ke gaya maka abin da iska ta yi, da ita kuma za ka gyara harbi na biyu. Na tsaya a wani mataki na gasa, wato ɗaya daga wuraren da ake tsayawa a yi harbi, bindiga a kan jakar yashi bisa wani dutse mai gangara, farantin ƙarfen da ake harbi yana can wajen yadi 600. Na ja kunama, madubin ya yi tsalle, kafin in dawo da shi kan farantin ƙurar ta riga ta baje. Na san na kuskure, amma ban san ta wane ɓangare ba, saboda haka harbi na biyu ya zama na kirdado. Wanda ya biyo bayana da bindiga mai laba 16 bai ko ɗaga kunci ba, yana kallon harsashinsa har ya sauka. Wannan ba aibin ƙira ba ne, kuɗin da kowace bindiga marar nauyi ke karɓa ke nan daga mai ita, kowane kamfani ne ya yi ta.

Shi ya sa ban ba kowa shawarar ya shiga gasar harbin nesa ta PRS da ita ba. Wannan gasa, wadda aka fara a 2012, ta masu bindigogin da ke haura laba 20 ce, masu kaurin bututu mai inci 26 da ƙananan harsasai na milimita 6 irin su 6 Dasher da 6 GT, har ma ana ɗaura musu ƙarafa da gangan domin ƙarin nauyi. A can ana harba harsashi goma ko fiye cikin minti ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma siririn bututu irin na farauta yana ɗaukar zafi da wuri, hucin da ke tashi daga kansa ya riƙa karkaɗa hoton da ke cikin madubi. Kamfanin da kansa ya san haka, shi ya sa daga baya ya fito da samfurin Cross PRS mai bututun inci 24 da nauyin kusan laba 14, wadda suna kawai ya haɗa su, amma aikinsu daban.

Gasar NRL Hunter kuwa, wadda ta fara a 2021, kamar domin irin wannan bindiga aka tsara ta. Mai gasa ba ya ganin mataki kafin lokacinsa. Ana ba shi minti huɗu ya nemo farantan da kansa da madubin hannu, ya auna nisansu, ya gina mazauni, ya harba, kuma kayansa duka a bayansa yake ɗauke da su daga mataki zuwa mataki. A nan laba 6.8 ta zama jari, domin ta bar maka sama da laba biyar ka kashe a inda ya fi amfani. Madubi mai kyau yana cin kusan laba biyu, zoben da ke riƙe shi da ƙafafu biyu na gaba su ci fiye da laba guda, salansa ko birkin bakin bututu mai rage shuri ya ci abin da bai kai laba ba, kuma har yanzu kana ƙasa da iyaka. Shawarata ita ce kada a bar ragowar a banza: a cike ta da ƙarfen nauyi a ƙarƙashin bututu har a kusanci laba 12 ranar gasa, a kwance shi ranar farauta. Tun da na fara yin haka, na kuma ɗaura birki a bakin bututun, wanda dama da zarensa ya zo, na koma ganin saukar yawancin harsasaina.

Akwai wani lissafi da mai haɗa harsashinsa da kansa ya kamata ya yi tun kafin ya biya kuɗi. Gasar tana da mafi ƙarancin ƙarfin da take karɓa, wato nauyin kan harsashi a ma'aunin giren, ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi, a ninka shi da gudunsa na ƙafa a daƙiƙa, sakamakon ya kai 380,000. Kan harsashi mai giren 143 sai ya yi gudun ƙafa 2,658 kafin ya kai wannan adadi. Gudun ƙafa 2,700 da ake bugawa a jikin kwali kuwa da bututun inci 24 aka auna shi, kuma kowane incin da aka yanke yana rage wani abu daga gudun. Mai inci 18 zai sami kansa a ƙasa da abin da kwali ya ce, kuma ƙara albarushi fiye da ƙa'idar littafi domin cike giɓin ganganci ne da rai. Raguwar gudun tana kuma nufin iska za ta ƙara tura harsashin a nesa, abin da ba a jin sa a yadi 300 amma yana bayyana sarai a yadi 800.

A wajen farauta ba ni da ƙorafi. Dokar Kolorado ta yarda da harsashin da faɗinsa ya kai milimita 6 ga manyan dabbobi, saboda haka 6.5 ya wuce sharaɗi, kuma ga barewa ya isa har da ragi. Ga elk kuwa, babbar barewar da namijinta ya kai gwanki girma ko ya fi, ina ganin wajibi ne mutum ya rage nisa ya kuma zaɓi kan harsashin da aka yi domin farauta. Samun farantin ƙarfe a yadi 800 bai zama izinin harbin mai rai a wannan nisa ba, domin faranti idan ka same shi a gefe maki ne, dabba kuwa rauni ne da za ta tafi da shi cikin kurmi ta wahala. Ni na tsayar wa kaina yadi 350, kuma a cikin wannan iyaka harbin farko daga bututu mai sanyi, wanda shi ne kaɗai mafarauci ke da tabbacin samu, yana sauka inda na sa shi.

Mai sayen ta hannu ya lura da abu ɗaya. A watan Nuwamba na 2020 kamfanin ya nemi masu Cross su daina amfani da ita su mayar a gyara, saboda an samu wadda harsashinta ya yi jinkirin tashi bayan an ja kunama. An gyara waɗanda aka mayar, amma duk wanda aka yi wa tayin ta farkon fitowa ya duba lambar jikinta wurin kamfanin ya tabbatar an yi mata aikin.

Farashin da aka sa mata da ta fito ya haura dala 1,700, kuma a wannan kuɗi tana da abokan hamayya na gaske. Tikka T3x Lite, wadda kamfanin Sako ke ƙerawa a garin Riihimäki na ƙasar Finlan, nauyinsu kusan ɗaya, sakatarta ta fi santsi a hannuna, kuɗinta kuma a lokacin bai kai dala 1,000 ba. Sai dai ƙotarta ba ta naɗewa, ba a kuma daidaita matashin kunci, kuma kafin ka canza mata jiki ta zama ta gasa ka kashe bambancin. Bergara B-14 HMR ta ƙasar Sifen ta fi su zama daram a kan jakar yashi saboda ta haura laba tara, amma da an ɗaura mata madubi da ƙafafu ta cinye laba 12 ɗin, kuma kafaɗa za ta ba da labari bayan tafiyar yini. Wanda harbinsa ya fi tafiyarsa yawa ya ɗauki Bergara, wanda farauta zalla ce a gabansa kuma yana tattalin aljihu Tikka ta ishe shi. Ni da nake tafiyar awa shida domin harbi ɗaya, in kuma shiga gasa uku ko huɗu a shekara domin hannuna ya zauna, Cross ce ta dace da ni, kuma idan bututunta ya ƙare zan sa mata mai inci 22, in karɓi ƙarin nauyin domin in dawo da gudun da na rasa.