Faifan kiɗan Carmen da na saya wa yara

Kiɗan da ke cikin faifan nan ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Wanda ya sayar min da shi kuwa ya cuce ni, har yanzu abin na ci min rai.

Yara ne suka ja ni. Suna kallon katun ɗin nan na Disney, Little Einsteins, wanda aka fara nunawa a 2005, inda a kowace fitowa ake ɗauko kiɗan wani tsohon gwani na Turai a ɗora labari a kai. A can suka kama wani kiɗa mai zafi, suka ishe ni da rera shi a tsakar gida. Ashe daga Carmen aka ciro shi, wasan opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, na Bafaranshen nan Georges Bizet da aka fara yi a Paris a watan Maris na 1875. Bawan Allah bai ga ɗaukakar aikinsa ba, wata uku bayan nan ya rasu yana ɗan shekara 36. Abokinsa Ernest Guiraud ne ya tsinto kaɗe-kaɗen ya jera su kashi biyu, babu muryar mawaƙi, sai kayan kiɗa zalla. Hakan ya yi min, domin labarin kansa na kishi ne da kisan kai, ba na yara ba.

To, kiɗan da yarana ke so, na masu wasa da bijimai a filin Sifen, kusan irin 'yan hawan ƙahonmu, shi ne na shida kuma na ƙarshe a kashin farko. Na tara su a falo, autata har ta ɗaura ɗankwali a ƙugu tana jiran rawa. Muka saurari biyar ɗin farko lafiya ƙalau. Ana shiga na shida, ganguna da farantan ƙarfe suka tashi, yara suka miƙe, sai faifai ya fara in'ina. Wuri ɗaya yake ta maimaitawa, can ya tsaya cak. Na goge shi, na sa a rediyon mota, na kai gidan maƙwabta, duk labarin ɗaya ne. Da na ɗaga shi a haske sai ga wani dogon karce a jikinsa, alhali a leda ya zo, an ce min sabo dal. Yarinyar nan ta yi kuka har da shessheƙa, babban wanta kuma ya ce, "Umma, ba shi ba ne kika sayo." Wallahi maganar nan ta taɓa ni. Na kira mai kayan, ya ce wai na'urata ce ba ta da kyau, daga nan bai ƙara ɗaukar wayata ba.

Duk da haka ban jefar da shi ba, saboda kiɗa na uku, wanda suke kira Intermezzo. Sarewa ce guda take tafiya a hankali, molon nan nasu mai tsirkiya da yawa yana bin ta daga ƙasa, sannan sauran kayan su shigo ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa zaton kiɗan Turawa zai sanyaya min jiki haka ba. Yanzu shi nake sa musu bayan isha'i, kuma suna natsuwa. Na farkon dai yana da duhu, gogen rawar ɗari yake yi, ƙaramin yaro zai iya tsorata, don haka tsallake shi nake yi. Sautin fes yake, kowane kayan kiɗa ana jin sa daban. Don wannan kaɗai na so in ce kuɗina ba su tafi a banza ba.

Amma ina! A tallar da ya sa, ƙarara ya rubuta kashi biyu ne a ciki. Na biyun, mai fitaccen kiɗan nan da ake kira Habanera da kiɗan canjin masu gadi wanda a wasan asali yara ne ke rera shi, babu shi babu dalilinsa. Kiɗan minti goma sha biyu ko makamancin haka na biya wa kuɗin faifai cikakke, a ciki ma wanda ya sa na saya ba ya yi. Ko takardar bayan kwalin hoto aka buga, rubutun duk ya dushe.

'Yan uwa iyaye, ku nema wa yaranku kiɗan, yana da kyau ƙwarai. Sai dai kada ku tura ko sisi sai mai kayan ya kunna muku na ƙarshen kun ji shi har ƙarshensa, ya kuma nuna muku jerin kashi na biyu. Ni dai ban yafe masa kukan 'yata ba.